Gujiya Biyu ta Mai Laƙani

A ɗakin wani abokina a masaukin ɗalibai na jami'a, nan Yamai, muna da wani wasa da muke yi ran Asabar bayan la'asar. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi: wani mayaƙi, wani maharbi, wani ɓarawo. In an zo wurin faɗa sai a jefa wasu 'yan ƙwayoyin roba masu lamba a kowace fuska, abin da lambar ta nuna shi ne ya faru. Kowa da makin ransa a takarda. In an sare ka a rage, in ya ƙare ka mutu, ka koma ɗan kallo.

Ranar da aka fara gayyata ta, babu wanda ya yarda ya ɗauki mai sihiri. Suka yi mini bayani cikin tausayi, wai shi ya fi kowa iya abin mamaki, yana iya saukar da wuta a kan runduna guda, amma makin ransa bai kai rabin na mayaƙi ba, ba ya sa sulke, ko kare ne ya cije shi da kyau sai a yi jana'iza. Na ce a ba ni shi. Sun ɗauka kunya ce ta sa na karɓi abin da kowa ya ƙi. Ba su san na daɗe da sanin mutumin nan ba. Tun ina ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, na zama shi, a gaban wutar kakata, a ƙauyenmu na Kurfai da ke ƙarƙashin dutse, ba nisa da Filinge.

Kaka Gambi ita ta haifi babana. Bukkarta tana can ƙarshen gida kusa da rumbuna, kuma da zarar an gama shigar da hatsi, sanyi ya fara sauka, sai ta riƙa hura wuta a ƙofarta bayan sallar isha. Wutar kara ce, mai saurin tashi da saurin mutuwa, dole wani ya yi ta ƙara mata. Mu huɗu ne jikokinta da ba mu fashi: ni, da yayata Hadiza, da ƙanwarmu Ladi wadda a lokacin ko haƙoran gaba ba ta da su, sai Arzika, ɗan goggona. Arzika taubashina ne, ya girme ni, ya fi ni komai da ake aunawa da ido. Ya riga ya fara kayar da sa'o'insa a kokawa, ni kuwa in iska ta taso da ƙarfi Kaka takan ce a riƙe mata maigidanta kada a wayi gari ba ta da miji. Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika, kuma ita kaɗai ce in ta tsokane ni ba na jin kunya.

Tatsuniyoyin Kaka iri biyu ne. Akwai wadda za ta ba mu muna saurare kamar ta kowace tsohuwa. Akwai kuma wadda muke kira ta shiga. Hadiza ta ce mini asalinta Arzika ne. Ba ya barin labari ya tafi, kullum sai ya katse ya ce da shi ne da ya yi kaza, da ya fasa kan kurar nan. Ran nan Kaka ta gaji ta ce masa to, ga kurar, ga ka, shiga ka yi mu gani. Ta ɗauko sakaina huɗu ta watsa a ƙasa. Waɗanda suka faɗi ciki sama su ne sa'arka, waɗanda suka kife su ne ta abokin gaba. Daga nan abin ya zama al'ada.

Kafin a fara, sai ta jawo kasko da gujiyar da ta soya a rairayi da yamma, ta ce kowa ya buɗe hannu. Gujiyar nan ita ce ranka. In an ji maka ciwo a labari, ka zuba abin da ta ce a faifanta. In labarin daren ya ƙare kana da rai, ka cinye abin da ya rage maka, kuma ku raba na faifai da sauran masu rai. In kuwa hannunka ya ƙare, ka mutu. Mamaci ba ya zama a tabarma. Zai tashi ya koma gindin rumbu, inda ɗumin wuta ba ya kaiwa, ba shi da bakin magana, aikinsa kawai in an ce a kawo kara ya kawo.

Arzika ne mai mashi da garkuwa, shi ake cika wa hannu har sai ya dunƙule da ƙyar. Hadiza maharbiya ce, tana samun kamar rabin nasa. Ladi ita ke jan jakinmu mai ɗaukar ruwa da guzuri, wanda ta raɗa wa suna Ɗan-Baleyara, kuma ba abin da ke taɓa ta don Kaka ba ta son kuka. Ni ne mai laƙani. Gujiyata biyu.

Ba wai mai laƙani ba shi da amfani ba. A duk tafiyar shi kaɗai ke iya abin da ya fi ƙarfin mashi. Kaka ta koya mini wasu kalmomi masu tsawo, rabinsu kirari, rabinsu ba su da ma'anar da na sani, masu sarƙe harshe, kuma a ƙarshensu sai in kira sunan duk wanda nake so laƙanin ya rufe. In na ce zan yi, sai ta kunna kara guda ta riƙe a tsaye. Dole in gama kafin wutar ta kai yatsunta. In na yi tuntuɓe in koma farko. Kuma muddin ina karantawa ba ni da ikon gudu ko kaucewa, abokan gaba suna ta kawo sara, sai fa in wani ya ce ya tare mini, ya biya daga hannunsa. Wannan aikin mai garkuwa ne. Don shi aka cika masa hannu.

Arzika bai taɓa tare mini ba. Da an ce ga mahara sai ya daka tsalle cikinsu yana yi wa kansa kirari, ya bar ni zaune a fili. Ni kuma idanu na kaina, kara na ci, harshena ya yi nauyi. Kibiya ɗaya, gujiya ɗaya. Ta biyu, shi ke nan. Sau da yawa ko tsakiyar kalmomin ban kai ba nake tashi. Yana da wata 'yar waƙa da ya ƙirƙira don wannan lokaci, yana buga cinya: an kashe malam, a kawo kara. Na kai ƙara wurin innata, ta ce wasan taubashi ne, ba a fushi da shi, in ina da baki in rama. Bakin ne kuwa ba ni da shi.

Daren da ya fi tsaya mini shi ne na kuraye. Mun shiga wani kwazazzabo a labari, kuraye suka tare gaba. Ban ma fara komai ba, gujiyata biyu cif a hannu, ina murna yau zan daɗe. Kaka ta tambayi Arzika me zai yi. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce ya ɗauki mai laƙani ya jefa musu, su samu abin yi mu wuce.

Kaka ta ce ba ta hana ba, sakaina ce za ta faɗi. Ta watsa. Huɗu duka ciki sama.

Aka yi dariya har Ladi ta faɗi a cinyar Hadiza. Hadiza ta yi. Kaka ma ta yi, tana share ido da gefen mayafi, tana cewa wayyo maigidanta, ko miya ba zai yi wa kura ba. Na zuba gujiyata a faifai na tafi gindin rumbu. Ban yi kuka ba. Na zauna na rungume gwiwa, sanyi na shiga ta wuyan riga.

Daga wurin nan ne na ga abin da na kan tabarma ba sa gani. Su wuta ce a idonsu, suna kallon bakin Kaka. Ni ina bayansu, a duhu. Na ga hannun Arzika yana shiga ƙarƙashin bargon da ya yafa, ya haura a hankali, ya dawo. Na ga ƙashin muƙamuƙinsa yana motsi kusa da kunne. Cin ransa yake yi. An cika masa hannu har ya san ba ya ƙarewa, don haka yake rage wa kansa zaman jira, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun da hannu a dunƙule ake riƙe shi, ba mai sani. Ban faɗa wa kowa ba. In na tona, Kaka za ta yi masa faɗa, a yi dariya, gobe a manta. Ba faɗa nake so a yi masa ba.

Washegari na sami Kaka tana saƙar tabarmar kaba a inuwar gawo. Na tsaya a gabanta na ce ta ƙara mini gujiya, ko uku ce, ko huɗu. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce mai laƙani biyu yake da ita, tun kafin a haifi ubana haka yake. Na ce ba adalci. Ta ce ita ba alƙali ba ce, mai tatsuniya ce, in je in wanke ƙafata.

Amma da aka hura wuta a daren, ba ta jawo kasko ba. Ta ce yau ta saurare ce. Ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan tahe da ƙura a ƙafa, wa ka ba ta wuri?" Muka ce mu ne, ta zauna a tsakiyarmu.

Ta ce a zamanin da, wani gari yana nan a bakin fadama, a gindin dutse irin namu, kuma duk rani mahara sukan zo su fasa rumbuna su kora shanu. A garin akwai wani mutum siriri, Ɗan-Tsinke, wanda ko damin hatsi ba ya iya ɗagawa. Amma ya gaji wasu kalmomi daga kakanninsa. In ya karanta su ya kira sunanka, duk mashi da kibiyar da aka jefo maka sai su zama raɓa kafin su taɓa ka. Sharaɗin abin shi ne ba ya sa ƙarfe a jiki, ba ya riƙe garkuwa, sai ya zauna a ƙasa, ido rufe, tafin hannu a buɗe, har ya gama. Don haka gari ya ba shi Gado, ƙaton da ya fi kowa, mai garkuwar fatar warwaji, ya riƙa tsayuwa a kansa.

Shekaru suna tafiya, gari na cin nasara, makaɗa kuwa Gado suke gani a tsaye, shi suke yi wa kirari. Wanda ke zaune a ƙasa ba ya shiga waƙa. Har Gado ya fara jin cewa tsayuwar nan ɓata masa lokaci take yi. Wata shekara ana tsakiyar faɗa, ya hango wani farin raƙumi na mahara ya kuɓuce da sirdinsa. Ya ɗauke garkuwarsa ya bi shi. Mashi ya sami Ɗan-Tsinke a cinya ya fita ta baya. Bai mutu ba, amma bai ƙara tafiya ba sai da sanda. Da aka taru a dandali, Gado yana kan raƙuminsa ya ce wa ya aiki fara zuwa wurin yaƙi. Mutane suka yi dariya, don wanda ya zo da ganima ba a ƙin yi masa dariya. Ɗan-Tsinke ya dogara sandarsa ya matso kusa da Gado. Har barka ya yi masa da raƙumi, ya tambayi sunan da aka sa masa.

Rani ya zagayo, mahara suka dawo, sun fi na bara yawa. Wannan karon tsofaffin mata ne suka kewaye Ɗan-Tsinke da turame, suka kifa masa ƙyauren bukka a ka. Ya rufe ido ya karanta. Ya kira maza gida gida. Ya kira mata, ya kira jarirai da ba a yi wa aski ba, ya kira makahon karen maƙera. Gado yana can gaba a kan farin raƙumi, bai saurara ba, don bai taɓa saurarawa ba. Masu suka taso kamar fari. Kowa ya ji sanyin raɓa a fuska. A jikin Gado kaɗai ƙarfe ya zauna ƙarfe.

Da yamma raƙumin ya dawo gida shi kaɗai, ko ƙwarzane babu, gashinsa jiƙe da raɓa. Dattawa suka je wurin Ɗan-Tsinke suka ce yaya aka yi. Kaka ta ƙanƙance ido, ta sirantar da murya, ta ce abin da ya amsa musu ke nan: "Wallahi ina cikin kira, sai hankalina ya tahi wurin raƙumi."

Ta ce ta ƙare nan, mai jin barci ya kwashi ƙafarsa. Hadiza ta tambaye ta ko Ɗan-Tsinke ya kyauta. Kaka ta tura wani kara cikin wuta ta ce, "Ni ban ce ya kyauta ba, ɗiyata. Cewa niy yi haka anka yi." Arzika ya yi hamma ya ce labarin ba faɗa sosai a ciki, kuma da shi ne Gado da ya kauce. Kaka ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, har yau kuma ban san ko da gangan ne ba.

Daga ranar na kama kalmomin laƙani kamar karatun jarrabawa. Ina faɗinsu a hanyar lakwal, ina faɗa wa awaki in na kai su fadama, ina faɗinsu a guje don in saba da yankewar numfashi. Wurin da harshena ke sarƙewa na ware shi na yi ta maimaitawa har ya yi laushi. Na saci kara na kunna a bayan gida don in san tsawon wutar. A wurin tatsuniya kuwa na ci gaba da mutuwa kamar kullum, ina tafiya gindin rumbu ba gardama, ina kallon muƙamuƙin Arzika. Na gane cewa in ana faɗa ba ya ci, hankalinsa na kan sakaina. In labari ya lafa, ana tafiya ko ana gaisuwa da mutanen hanya, nan ne hannu ke zarya.

Abu ɗaya ya rage, wanda zai kifa mini ƙyaure. Na sami Hadiza a bakin rijiya, na taya ta jan guga ba ta roƙe ni ba, har ta tambaye ni me nake so. Na ce in an kai wurin Dodon da muke nema a tatsuniyar shiga ta tare mini, sau ɗaya tak. Ta ce ita ba mai garkuwa ba ce. Na tuna mata cewa ita ta harbe shugaban mahara a makon jiya, amma Arzika ya bi gari yana cewa shi ne. Ta ɗora tulu a ka, ta ce sau ɗaya fa.

A kwanakin nan muna cikin wani dogon labari ne. Wani Dodo ya toshe rijiyar gari ya koma kogon dutse da 'ya'yansa, mu ne aka aika. Daren da za mu isa kogon, na zauna a gefen da nake iya ganin kunnen Arzika. Ni da ba na magana sai an tambaye ni, ranar na zama mai surutu. Muka gamu da tsohuwa a hanya, na tsaya na gaishe ta, na tambayi gida, na tambayi jikoki, na tambayi yadda damina ta yi musu. Muka iso wata tsohuwar rijiya, na ce sai na leƙa. Na ce a sauke wa Ɗan-Baleyara kaya ya huta, a duba kofatonsa. Ladi ta ji daɗi. Kaka tana amsa mini komai da haƙuri, girarta ɗaya a ɗage. Arzika ya yi ta tsaki yana cewa malam, mu yaƙi muka fito ko gaisuwar suna. Hannunsa kuwa yana shiga bargo yana fita.

Muka isa kogo. Kaka ta kumbura murya ta ce Dodo ya fito, kansa na gugar rufin dutse, ya buɗe baki zai yi aman tsakuwar wuta a kan duk wanda ke wurin. Wanda laƙani bai rufe ba, gujiya biyar. Arzika ya ce shi ko a jikinsa, ya riga ya yi gaba da mashi. Na ce zan karanta.

Kaka ta kunna kara. Na fara, kalmomin suka fito da kansu kamar ruwa a kwararo. Ɗan Dodo ya jefo dutse, sakaina ta kife. Hadiza ta ce, "Na tare mishi," ta zuba ɗaya a faifai. Arzika ya juyo ya dube ta. Wani dutsen ya sake zuwa, wannan nawa ne, na miƙa gujiya ɗaya ban daina karatu ba. Saura ɗaya a tafina. Na wuce wurin da harshena ke sarƙewa. Kaka ta watsa sakaina karo na uku, ta yi mini kyau. Na iso sunaye.

Na kira Hadiza mai baka. Na kira Ladi mai igiya. Na kira kaina. Sannan na ɗaga murya, na ja ta yadda maroƙa ke yi, na kira Ɗan-Baleyara mai dogon kunne, da akumarinsa, da salkar ruwan da ke bayansa. Na rufe baki.

Wutar karan tana da sauran kusan taƙi guda kafin ta kai yatsun Kaka. Kowa yana kallonta tana sauka. Ana jin ƙarar ƙunar karan.

Kaka ta ce, "Maigida, da sauran wuta."

Na ce na gama.

Ba ta yar da karan ba. Ta riƙe shi har wuta ta lashi farcenta, tana ba ni hanya, ni kuwa ina kallon tafin hannuna. Sannan ta jefa shi cikin toka, ta ce tsakuwar wuta ta zubo, ta zama raɓa a kan mutum uku da jaki ɗaya. Ta miƙa faifai wajen Arzika ta ce biyat.

Ya yi dariya, ya ce biyar ɗin me, ai ya kauce. Ta ce a kogo ba wurin kaucewa. Ya ce a sake watsa sakaina. Ta ce ba abin sakaina ba ne, ya buɗe hannu. Ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe, ƙwaya biyu ce a ciki da ɗan ɓawo. Ladi ta matsa ta shinshina bakinsa ta ce warin gujiya yake.

Kaka ta dubi hannun, ta dube shi. "Dodo bai kashe ka ba, Arzika," in ji ta. "Kai ka cinye kanka tun a hanya. Ga ka da biyu, daidai da malam. Zuba, ka tashi."

Ban taɓa ganin tafiya mai daɗin kallo kamar tafiyarsa daga tabarma zuwa gindin rumbu ba. Bargon yana jan ƙasa. Ya zauna daidai inda na saba zama, inda ƙasar ta riga ta yi ɗan rami da zamana. Hadiza ta harbi Dodo a ido, ni na rufe bakin kogon, ruwa ya dawo rijiya. Wuta ta fara ja baya. Na jira har Kaka ta ɗaga kai za ta yi magana, sai na riga ta, a hankali, ba waƙa, ba buga cinya. Na ce a kawo kara.

Gujiyata ɗaya na fara ci kafin rabon faifai. Na daɗe ina tauna ta. Na ci abinci iri iri tun daga lokacin, a gidajen biki da wuraren cin abinci na Yamai, ban sake samun wannan ɗanɗanon ba.

Washegari Arzika ya tare ni a bayan rumbuna ya nuna mini cewa mai laƙani ba shi da ƙarfi a wajen tatsuniya ma. Leɓena ya kumbura. Innata ta tambaya, na ce wasan taubashi ne. Amma da aka koma gaban wuta, mahara suka fito, na ce zan karanta, sai na ji murya a gefena, ciki ciki, kamar ana cire masa haƙori, tana cewa ya tare mini. Bai sake cin ransa ba. Ni kuma ban sake barin sunansa ba, sai dai kullum bayan na jaki nake kiransa.

Ina lise, babbar sakandare, a Filinge Kaka ta fara rashin lafiyar da ba ta tashi ba. Wani hutu na zauna kusa da ita na sake yi mata tsohuwar tambayata, me ya sa biyu. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce da ta cika mini hannu da ban taɓa kallon hannun kowa ba, kuma da Arzika bai taɓa sanin me aka ba shi garkuwa ya yi da ita ba. Sannan ta ce in daina damunta, in miƙo mata ruwa.

Na daɗe ina ɗauka labarin Ɗan-Tsinke ni ta ba wa, makami ta sa mini a hannu. Sai da na girma na fara tunanin wataƙila Arzika ta ba wa, gargaɗi ne, shi kuma ya yi hamma. Abin da ke ba ni mamaki yanzu shi ne mutanen da suka tsara wasan da muke yi a Yamai, can wata ƙasa, ba su taɓa ganin Kurfai ba, amma lissafinsu ya zo daidai da na tsohuwar nan mai sakaina. Wanda aka ba kalmomi sai a rage masa rai, don dole ya nemi mutane. Wanda aka cika wa hannu kuwa, ba don kansa aka cika masa ba. Na ga irin wannan rabon a aji, na gan shi a gidaje, inda mai ƙarfi ke mantawa da wanda ke zaune a ƙasa ido rufe yana kiran sunansa. Na san ya kamata in ce darasin shi ne a riƙa yafewa. Kaka ba ta ce haka ba, ni ma ba zan ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Arzika yanzu yana harkar dabbobi a kasuwar Baleyara, da iyalinsa. Duk sanda motarmu ta tsaya a nan kan hanyar gida, sai ya saya mini gujiya, ya gabatar da ni ga abokansa a matsayin mutumin da ya fifita jaki a kan ɗan'uwansa. Nakan ce jakin bai taɓa jefa ni ga kura ba.

A teburinmu na Asabar akwai wani, Abdurrazaƙ, ɗan shekara ta uku a sashen shari'a, shi ke riƙe da mayaƙi. Makin ransa ya ninka nawa har sau uku. Asabar da ta wuce muna tsakiyar faɗa, ina haɗa sihirin da zai cece mu duka, ya hango akwatin dukiya a lungu ya bar ni a fili. Kibiya ɗaya ta kwantar da ni. Da ƙyar aka farfaɗo da ni, shi kuwa yana dariya yana cewa wa ya ce a zo yaƙi da doguwar riga. Da dukiyar ya sayi doki a labarin, baƙi, mai farin goshi, yana ta yabonsa. Na yi masa barka.

Yanzu mun tsaya a bakin wani kogo. Ina da sihirin kariya guda ɗaya, wanda ke rufe waɗanda na ambata kaɗai. Da za mu watse, ina tattara takarduna, na tambayi Abdurrazaƙ wane suna ya sa wa dokin.